Ƙishirwar Madam a Hanyar Gaya

Tun ranar da na dawo daga Gaya, can ƙasar Dandi, ban samu na sayar da ko allura cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya tsaya gaban teburina ya ce, "Idi, yaya Dandi?" Wancan ya ce, "Da gaske ne kun toya ƙosai a cikin mota?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya ji labarin daga bakin Garba yakan zo mini da shi da ƙari. Don haka na zauna na rubuta yadda abin ya faru. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in yi ciniki.

Duk mai cin kasuwar Dogon Dutsi ya san Gwaggo Fati mai banda, wadda ke kawo kifi daga bakin kogi. Bara ta fara zuwa da ɗiyar wanta, Biba. Ni mutum ne mai karanta 'yan littattafan soyayyar nan da fatake ke kawowa daga Kano, kuma na sha gani a cikinsu wai saurayi kan ga budurwa numfashinsa ya tsaya. Ina ɗauka adon magana ne na marubuta, sai ranar da Biba ta tsaya tana taya madubi a teburina. Na faɗa mata kuɗin da bai kai yadda na saro ba. Ta dubi fuskarta a ciki, ta dube ni, ta ce ya yi tsada. Daga ranar ban sake zama daidai ba.

Zuwansu na ƙarshe Gwaggo Fati ta ja ni gefe. "Ɗan nan, in da gaske kake, ka zo da babbanka ku gai da ubanta. Amma ka sani mu Sarkawa ne, masunta. Ruwa ya fara ja. Washegarin kasuwar Gaya mai zuwa uban nata, Hamani, zai kwashe gidansa duka su gangara wajen kamun kifi, ba su dawowa sai kogi ya sake cika. Can ɗin ma akwai samari, kuma su suna da jirage."

Babban da ya rage mini shi ne Kawu Arzika, wan mahaifiyata. Ya yarda zai je, amma gwiwarsa ba ta hawan kamyo, wato babbar motar kaya, bisa buhuna. Sai ɗansa Garba, taubashina, ya bugi ƙirji ya ce Madam za ta kai mu.

Madam mota ce. Garba ya saye ta hannun wani Nasara likitan dabbobi da ya tattara ya koma gida bayan an sami 'yancin kai. Nasaran ya yi shekaru yana bin rugage da ita, har agogon kilomitarta ya zagaya ya gaji ya tsaya. Ga waɗanda ba su san mota ba, abin shanta iri biyu ne. Akwai isansi, shi ke tafiyar da ita. Akwai kuma man inji, wato baƙin mai, wanda ke sa ƙarafan ciki su yi santsi kada su cinye juna. Motar kirki takan daɗe ba ta nemi na biyun ba. Madam kuwa ba ta san bambancinsu ba, duka biyun sha take yi.

"Ba cuta ba ce, Ango, shekaru ne," in ji Garba, yana jera gwangwanayen mai a bayan mota. "Zobban cikin injin sun lashe, mai na haurawa yana ƙonewa tare da isansi. Ai Kaka ma fura na zubo mata ta gefen baki, wa ya yar da ita?"

Kawu ya ce, "Uwar tawa kake haɗawa da wannan gwangwanin?"

"Baba, ai Madam ta fi ta haƙora."

Muka kama hanyar dallol, wato dogon kwarin nan da ya ratsa ƙasarmu, muka yi kudu. Kawu na gaba da tasbaharsa, ni ina baya tare da ƙullin goro da gwangwanaye. Tun kafin duwatsun garinmu su ɓace na fara shirya kalmomin da zan faɗa wa Biba, irin su taurari da sanyin asuba. Can na ji hawaye na zubo mini, na ce lalle so ya kai inda ya kai. Da na duba ƙasa sai na ga rami a daɓen motar, hayaki shuɗi na shigowa ta nan kai tsaye zuwa idanuna. Na toshe shi da hular Garba.

Tafiyar ta zama iri ɗaya. A ɗan taɓa, sai Garba ya tsaya, ya ɗaga murfin inji, ya zaro wani tsinken ƙarfe da ake awon mai da shi, ya goge a wandonsa, ya mayar, ya sake zarowa, ya kai shi kusa da hanci kamar mai duba ƙwai. Sannan ya ce, "Madam na jin ƙishi." Ni ke miƙa gwangwani. Mai jaki ɗaya ya wuce mu, muka wuce shi, ya sake wuce mu, har muka saba muna gaisawa da tambayar iyali.

A Karakara muka kwana, a zauren mai gari. Mutanen can kamar mu suke, tuwonsu na gero ne da miyar kuka, sai dai sun fi mu sakin hannu da daddawa. Da safe Madam ta ƙi tashi. Garba ya kwance buji, 'yan ƙarafan da ke ba inji wuta, ya same su sun jiƙe sharkaf da mai. Muka kai su maƙera aka gasa su a wuta kamar fara. Maƙerin ya ce ba ya son ko tamma, abin da yake so a zaga da shi gari a gidan gaba, a bi ta ƙofar surukansa. Aka zaga da shi. Da muka zo ƙofar bai ga kowa a waje ba, ya ce a sake zagayowa. Wannan ladan ya ci mana rabin gwangwani.

Daga nan ƙasa ta fara canzawa. Giginya ta yi yawa, ana sayar da muruci a bakin hanya kamar ba a san darajarsa ba. Kafin mu shiga Yelu gwangwani na ƙarshe ya ƙare. Garba ya zaro tsinke ya nuna mana, a bushe ƙayau. Muka tambaya ko'ina, babu mai sayar da baƙin mai a garin. Ranar kuwa ita ce ranar kasuwar Gaya. Na zauna gindin giginya na dafe kai, ina ganin jirage a zuciyata suna tafiya da Biba.

Garba ya ɗaga hanci ya shaƙi iska, ya bi wani lungu, muka bi shi. Wata tsohuwa ce ke matsar ƙuli-ƙuli, ga man gyaɗa a kwalabe.

"Inna, duka za mu saya."

"Biki gare ku? Me za ku soya?"

"Mota."

Ba ta ko ɗaga kai ba. "To ku ɗauki na yau, na jiya ya fara kwantawa."

Kawu ya ce shi dai bai taɓa jin an yi haka ba. Garba ya ce mai mai ne, Madam ba ta karatu balle ta duba gwangwani. Ya ɗura mata, ta tashi, har ta fi ɗazu laushin murya. Amma da injin ya yi zafi sai hayakin ya canza ƙamshi. Ƙauyen farko da muka tsaya awo, mata suka fito da kwanoni suna tambayar na nawa muke sayarwa. Wata ta leƙa ta taga tana neman kaskon. Kawu, wanda tun safe bai ce yana jin yunwa ba, ya fara tambayar ko akwai sauran muruci. To ga gaskiyar maganar ƙosai, masu tambaya. Ƙamshi ne kawai, ba a toya komai ba.

A Bana muka ga masu gishiri. Ƙasa suke kankarowa su tace ta da ruwa, su dafa ruwan har ya ƙafe. Gishirin da muke saye a Dutsi muna lallaɓawa, a can awaki ke lasarsa a ƙasa. Kawu ya sayi dunƙule biyu ya ƙara kan goro, ya ce gidan masu kifi ba ya ƙin gishiri.

Mun shiga Gaya kasuwa na watsewa. Mai masaukinmu Malam Gado ne, ɗan Dutsi da ya daɗe a can yana cinikin albasa, har Hausarsa ta ɗauki "fofo" irin gaisuwar mutanen wurin. Aka kawo shinkafa da ɗanyen kifi. Mu a gida kifi ɗan gutsure ne da ake nema a cikin miya, wanda ya samu ya ɓoye murnarsa. A Gaya kuwa kifin ne abincin, shinkafar rakiya ta yi. Kawu ya ci yana addu'a saboda ƙaya. Bayan magariba sauro ya sauko, irin wanda ban taɓa gani ba, kana kashe ɗaya 'yan'uwansa na zuwa ta'aziyya. Garba ya tashi Madam don ya gyara mata tsayuwa, hayaki ya cika tsakar gida, sauron ya watse. Matar Malam Gado ta aiko a ce don Allah a bar ta tana yi har yara su yi barci, ga kwalbar man gyaɗa tukwici.

Ni na so mu tafi gidan su Biba a daren. Kawu ya ce ba a neman ɗiyar mutane da duhu, balle ana warin ƙuli-ƙuli. Ga shi tungarsu, wato sansaninsu na bakin ruwa, ba cikin gari take ba, tana ƙasa da gada da 'yar tazara, dole sai da mota saboda gwiwarsa. Garba kuma ya ce man gyaɗan ya fara yin danƙo a ciki, in ba a zubar an sa na gaske ba Madam za ta mutu mutuwar da ba tashi. A Gaya babu, kamyoyin kasuwa sun kwashe. Malam Gado ya ce mu kwantar da hankali, Malanbil ta ƙasar Dahome na tsallaken gada, can kamyoyin Faraku ke tsayawa, mai kamar ruwa. Sarkawa kuma ba su tashi sai hantsi, in sun gama lodi.

Da sassafe muka hau gada. Ranar na fara ganin kogin da idona. Littattafai na cewa ruwa kamar azurfa, ni dai na gan shi kamar shayi da madara, sai dai faɗinsa ya wuce yadda na zata. Na ce a raina, wadda ta tashi tana kallon wannan kullum, me ta gani a wurin mai tebur daga cikin duwatsu?

Jami'in duwan, wato kwastan, na gefenmu, wanda kowa ke ce wa Shef, ya duba takardun mota, ya yi tari, ya ce mu wuce da sauri kafin mu shaƙe masa ofis. Dahome ba ta yi mini kama da wata ƙasa ba da farko. Kuɗin ɗaya ne, rabin mutanen ma suna jin Hausa. Abin da ya bambanta mata ne. A can su ke riƙe da kasuwa, har man mota mace ce ta sayar mana, da goyo a bayanta, tana lissafi da ka tana yi wa Garba dariya. Muka karya da wani abu da suke kira akasa, naɗe a ganye, da yaji mai sa kunne ƙara. Kawu ya ce wannan tuwo ne da ya yi fushi ya ƙi gishiri. Ya ci uku.

Garba ya shiga ƙarƙashin Madam ya zubar da man gyaɗa, ya zuba na gaske daidai awo, ya kuma sayi gwangwanaye masu yawa na komawa gida. Ni kuwa na laɓe bayan wata kamyo na sa farar rigata, wadda ban taɓa sawa ba, na shafa turare. Da na fito matar mai ta ce wa Garba, "Wannan ba da ku ya zo ba."

Muna bisa gada a hanyar dawowa na hango tungar daga nesa. Jirage jere a gaci, ana ɗora tabarmi da tukwane da turmi, har da kaji a akurki. Na ce, "Garba, taka ta."

Shef ya ɗaga hannu. Ya leƙa baya ya ga gwangwanaye.

"Wannan fa?"

"Na mota ne, Shef."

"Mota nawa?"

"Ita kaɗai."

"Sofer," in ji Shef, yana duban Garba direba, "na daɗe a bakin gadar nan. Kamyo ma ba ta shan wannan daga nan har Agadas."

"Kamyo ba ta kai Madam shekaru ba, Shef."

Kawu ya yi masa bayanin abin da ke gabanmu. Mutumin kirki ne, ya dube ni da farar riga ya yi murmushi. Ya ce doka dai doka ce, abin da ke cikin inji na mota ne, abin da ke cikin gwangwani haja ce, sai an biya mata. Amma mu ajiye su wurinsa mu je mu yi abin da ya kawo mu, in mun dawo a yi lissafi.

Da mun yi haka kawai da shi ke nan. Amma Garba ya ji an ce abin da ke cikin inji ba a biya masa. Ya ɗaga murfi, ya fasa gwangwani ya juye, ya fasa wani ya bi da shi, har mai ya leƙo bakin.

Kawu ya ce, "Garba, ko jariri ba a yi masa ɗura haka."

"Za ta shanye, Baba. Yaushe ta taɓa cewa ta ƙoshi?"

Muka sauka daga babbar hanya muka bi wata 'yar turba ta bakin ruwa. Hayakin da muka saba da shi shuɗi ne, siriri, yana bin mu a baya. Wannan kuwa fari ne, mai kauri, ya riga mu gaba. Garba ya fitar da kai ta taga yana tuƙi. Kawu ya bar tasbaha ya koma salati a fili. Da iska ta ɗan buɗe mana sai na ga tungar. Babu kowa a gaci. Jiragen sun kai tsakiyar kogi, sun juya hanci kudu.

Ban san abin da zan ce game da wannan lokacin ba. Na karanta rabuwa iri-iri, kowace da kalmominta masu daɗi, amma ni ko kalma ɗaya ba ta zo mini ba.

Madam ta yi wani gurnani, ta shige cikin busasshiyar ciyawa dab da bukkokin tungar, ta tsaya. Hayaki ya tashi sama kamar an sa wa rumbu wuta. Muka fito muna tari, ba mai ganin wani. Ni na zagaya ta baya, daidai lokacin da ta yi atishawa ta ƙarshe ta fesa mini baƙin mai daga ƙirji har gwiwa.

Sai muka ji ihu daga ruwa, da ƙarar filafilai. Ashe sun hango hayaki a kan bukkokinsu, inda suka bar tsofaffi biyu da ragar da ba su ɗauka ba, suka juyo gaba ɗaya. Na ga inuwar wani dogon dattijo na fitowa daga cikin hayakin. Na gyara tsayuwa na buɗe baki zan yi sallama, ya watsa mini ƙwarya guda ta ruwan kogi a fuska. Na biyu ya zo daga gefe, hannun da ya watsa shi da warwaro. Kafin a gane babu wuta, an jiƙa ni, an jiƙa Kawu, an jiƙa goro, gishirin Bana ya fara komawa ruwa.

Dattijon ya tsaya yana haki. "Ina wutar?"

Garba ya ce, "Babu wuta, Baba. Haka take numfashi."

Gwaggo Fati ta matso ta leƙa fuskata. "Hamani, wannan da ka wanke shi ne baƙon da na gaya maka."

Biba na tsaye da ƙwarya a hannu. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta sa bakin zane ta rufe bakinta, kafaɗunta na rawa, ta juya ta shige bukka.

Baba Hamani ya dubi jiragensa, ya dubi rana, ya yi tsaki. Ya yi wa mutanensa magana da harshensu, suka fara sauke tukwane. Gwaggo Fati ta ce mana a gidansu in jirgi ya bar gaci ya dawo, ranar ta mutu, ba a tashi biyu a yini ɗaya. Sai gobe. Na so in yi murna, amma fuskar mutumin da muka ɓata wa yini ba ta ba da dama ba.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwa. Kawu, da rawaninsa na ɗiga, ya ajiye jiƙaƙƙen goro ya yi magana yadda manya ke yi, a hankali, ya faro daga kakanni. Baba Hamani ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni da Hausarsa ta kasuwa.

"Ka iya ruwa?"

"A'a, Baba."

"Ka iya kifi?"

"Ci kawai. Shi ma jiya na fara sosai."

Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana juya goro ɗaya a hannu. Can ya fasa shi ya kai baki.

"Na karɓi gaisuwa. Gaisuwa kawai. Magana sai kogi ya cika. Kafin nan ba zan saurari kowa ba. In har lokacin kana so, ka zo." Ya nuna Madam da haɓa. "Waccan a bar ta Dutsi."

Garba ya ce, "Baba, ba don ita ba ai da yanzu kun kusa Najeriya."

"Abin da nake faɗi ke nan."

Da la'asar Gwaggo Fati ta kawo mini wata guntuwar taguwa ta masunta, mai ƙarnin kifi, ta ce in tuɓe rigar, Biba za ta wanke. Muka kwana a tungar. Washegari da hantsi aka sake lodi, ina ta jira a miƙo mini rigata, ba a miƙo ba. Sai da aka tura jirgin su Biba na hango ta a ninke bisa ƙullin kayanta. Na shiga ruwa har gwiwa, iyakar jarumtata ke nan, na ce, "Biba, rigar fa?"

Duk kalmomin da na shirya tun daga Dutsi, abin da ya fito ke nan.

Ta ce, ba tare da ta daina tuƙi ba, "Baƙin mai ba ya fita da wanki ɗaya. In kogi ya cika ka zo ka ga ko ya fita."

Komawarmu ba ta da labari. Garba ya rage wa Madam abin da ya ɗura mata, ya biya Shef yana ƙunƙuni, ta shanye gwangwanayen duka kafin mu ga duwatsun gida. Yanzu yana ta cigiyar sabbin zobba wurin masu zuwa Yamai, ya ce in ya samu zai wuce ta gaban Baba Hamani ko tari ba za ta yi ba. Ni kuwa duk bafataken da ya iso daga kudu, kafin ya sauke kayansa nake tare shi in tambaye shi inda ruwa ya kai.